Mai Kantin Magani a Garin Baƙi

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, wato shi baƙo da hantsi ya ɗaga ya bushe, ɗan gari kuwa yana nan daram ko rani ko damina. Amma akwai garuruwa a duniya waɗanda da raɓar nan suke rayuwa, domin ba su da wata gona ko masana'anta da ta wuce baƙin da ke zuwa shan iska, ko wanka a bakin teku, ko kallon duwatsu, su kashe kuɗinsu cikin kwana biyu ko uku su kama gabansu. A irin wannan gari komai yana da farashi, tun daga inuwa har fara'ar mai kawo abinci, kuma idan aka zauna shawarar yadda za a tafiyar da gari, masu otal da masu motocin haya da masu filaye ne a sahun gaba, saboda su ake gani suna riƙe da tukunyar. Ni kuwa a ganina akwai mutum ɗaya da ya fi yawancinsu cancantar a saurare shi a wannan zama, shi ne mai kantin magani, kuma ina nufin wanda ya yi karatun harhaɗa magunguna ya sami lasisi, ba duk wanda ya kafa kanta ya jera kwalabe ba. Hujjata ita ce, a duk kasuwar garin shi kaɗai ne sana'arsa ta wajabta masa, a wasu lokuta, ya dubi mutum da kuɗi a hannu ya ce masa ba zai sayar ba.

Labarin da ya jefa ni wannan tunani ya faru ne a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Wall, a jihar Dakota ta Kudu da ke Amurka. A watan Disamba na 1931 wani matashi mai suna Ted Hustead, wanda ya kammala karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Nebraska a 1929, ya ɗauki dala 3,000 da ya gada daga mahaifinsa ya sayi kantin maganin garin. Mutanen Wall a lokacin su 326 ne, yawancinsu manoman da fari da karyewar tattalin arzikin duniya suka durƙusar, mutanen da ko ciwo ya kama su sai sun yi lissafi kafin su doshi kanti. Dangi ba su ga alamar arziki a wurin ba, kuma ba su ɓoye ba. Abin da ya rinjayi Ted da matarsa Dorothy shi ne garin yana da cocin Katolika inda za su riƙa zuwa ibada kullum, saboda haka suka tare a bayan kantin tare da ɗansu mai shekara huɗu, bargo kawai suka rataya ya raba makwancinsu da wurin ciniki. Suka ɗibar wa kansu wa'adin shekara biyar, a kan in abin bai yi ba su tattara nasu ya nasu.

Wa'adin ya kusa cika ba tare da wani abin a zo a gani ba. Wata ranar Lahadi a watan Yulin 1936, ana tsananin zafi, Dorothy ta shiga ta ɗan kwanta, amma ƙarar motoci a kan babbar hanyar da ta ratsa gefen gari ta hana ta runtsawa. Motocin masu yawon buɗe ido ne da ke tafiya yamma, da yawansu za su je kallon dutsen Rushmore, inda tun 1927 ake sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu, aikin da bai tsaya ba sai 1941. Motocin wancan zamani ba su da na'urar sanyaya iska, ƙasar kuma fili ce fetal, ba itace ba inuwa. Sai ta tashi ta koma kanti ta ce wa mijinta, mutanen nan da ke wucewa ƙishirwa ce ke damunsu, su kuma ga ruwa ga ƙanƙara, me zai hana a kafa alluna a bakin hanya a gaya musu akwai ruwan sanyi kyauta? Ted ya sami wani yaro ɗan makaranta suka rubuta allunan, suka je suka kakkafa su da tazara, yadda direba zai karanta layi ɗaya, ya ɗan ƙara gaba ya karanta na biye. Kafin ya dawo kanti mutane sun riga shi, Dorothy tana ta cika kofuna, shi kuma ya kama fasa ƙanƙara. Wanda ya sha ruwa ya huce sai ya waiga ya nemi abin taɓawa, wani ya cika gorarsa ya sayi wani abu don kunya. Da bazara ta zagayo sai da suka ɗauki 'yan mata takwas aiki.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: wannan ai talla ce, ba sadaka ba. Gaskiya ne, kuma su kansu ba su taɓa cewa waliyyai ne su ba. Dattijon da ke girke randa da moɗa a ƙofar gidansa don masu wucewa ba ya jiran kowa ya sayi komai, kuma ladansa dabam ne. Amma ya kamata a dubi zamanin da abin ya faru. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, sai dai dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, wato likita yana iya rubuta barasa a matsayin magani, mai kantin magani kuma ya ba da ita, kuma ba ƙananan kantuna ne suka yi kuɗi ta wannan ƙofa ba. Zamani ne kuma na magungunan sha yanzu magani yanzu, waɗanda ake cika baki a kansu ba tare da wani ya san abin da ke cikin kwalbar ba. Mai kantin maganin da talauci ya ritsa da shi yana da hanyoyi da yawa na jawo baƙon da ba zai sake gani ba, mafi yawansu kuwa miyagu ne. Abin da aka san kantin Wall da shi har yau, kusan shekara 90 ke nan, shi ne ruwa, abin da bai taɓa cutar da wanda ya sha ba.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba, kuma ragowarsa ce ke hana ni yabon da babu togaciya. Ɗansu Bill, wanda shi ma ya karanci harhaɗa magunguna, ya dawo gida a 1951 ya shiga faɗaɗa wurin, har kantin Wall Drug ya zama kasuwa guda: ga wurin cin abinci, ga shagunan tsaraba, ga ɗan ɗakin ibada na matafiya, ga gunkin wata ƙatuwar dabbar zamanin da mai tsawon ƙafa 80 da aka kafa a bakin babbar hanya don jan idon direbobi. Ana ƙiyasta cewa baƙi wajen miliyan 2 ke yada zango a can kowace shekara, a garin da mazaunansa ba su kai 1,000 ba, kuma har yanzu ana sayar da kofin gahawa a kan senti 5 na dala. Wurin ba da magani, wanda shi ne asalin komai, ya koma ɗan lungu a cikin wannan hayaniya. Idan iyali ɗaya suka zama su ne uwa su ne uba ga cinikin gari, rarrabe amfanin gari da amfanin kanti yakan yi wuya, har su kansu su daina ganin bambancin. An ga haka a 1965, lokacin da gwamnatin Shugaba Johnson ta kafa dokar rage allunan talla a gefen manyan hanyoyi don kada su rufe kyawun ƙasa. Ga sauran jama'ar Amurka gyara ne, ga Wall kuwa wuƙa ce a maƙogwaro, tun da allunan nan su ne suka yi garin. Wanda ke da gaskiya a wannan rigima ba abu ne mai sauƙin yankewa ba, amma ba zan yarda a ce mai kanti ne ya dace ya yi alƙalancinta ba.

Duk da haka lungun nan yana nan, kuma a gare ni shi ne ma'auni. Baƙin Wall na watannin bazara ne, daga Yuni zuwa Agusta. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe fili, motoci suka ɗauke ƙafa, sai gari ya koma na masu shi, tsofaffi masu hawan jini da ciwon sukari, da makiyayan da ke zaune nesa da kowa, alhali babban birni mafi kusa, Rapid City, yana da nisan kusan kilomita 90. Mai sayar da tsaraba yana iya rufe shago ya jira bazara, amma mai ba da magani ba shi da wannan dama. A garin baƙi ɗan gari ne ake rainawa, kamar yadda aka tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Mai kantin magani yana cikin 'yan kaɗan da cinikinsu ya ɗaure su da wanda ake gani kullum ɗin.

Batun ƙin sayarwa kuwa, ban fahimce shi da kyau ba sai da na gani da idona a unguwarmu, wasu shekaru kafin a hana maganin tari mai kodin. Wajen ƙarfe goma na dare na je kemis neman maganin zazzaɓin cizon sauro na 'yata, ina tsaye ina jira sai ga wani saurayi ya faka mota mai kyau, ya shigo yana kaɗa makulli. Ya ce, "Alhaji, kwalba biyu za ka ba ni, na tari." Mai kemis ɗin, dattijo ne mai lasisi wanda ya daɗe a unguwar, ya ce, "Samari, ina takardar likita?" Saurayin ya yi dariya ya ce ai tari ne kawai, ya ajiye kuɗi a kan kanta, kuɗin da ko ni da ke gefe na ga sun fi farashin kwalaben. Dattijon bai ko dubi kuɗin ba, ya ce, "Tun da ka shigo ban ji ka yi tari ko sau ɗaya ba. In maƙogwaro ne ke damunka, ka je gida a haɗa maka ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami." Saurayin ya ja tsaki, ya kwashe kuɗinsa ya fita. Muna jin motar ta tashi, ba ta yi nisa ba ta sake tsayawa, a daidai wani shagon da ke gaba da mu da ƙofa uku ko huɗu, kuma bai fito daga can hannu rabbana ba. Dattijon ya juyo gare ni kamar ba abin da ya faru, ya ce, "Malam, shekarar yarinyar nawa, kuma an yi mata gwaji?"

Abin da na ɗauka daga wannan dare shi ne, ƙin da dattijon ya yi bai hana saurayin shan abin da ya fito nema ba. Iyakar abin da ya faru shi ne ciniki ya tashi daga hannun mai amana ya koma hannun wanda ba shi da ita. Muddin mai gaskiya yana cikin kantinsa shi kaɗai, gaskiyarsa asara ce gare shi, riba ga maƙwabcinsa, kuma ba ta tsinana wa gari komai ba. Kafin "a'a" ɗinsa ta yi aiki dole ta zama "a'a" ta gari duka, wannan kuwa ba a kan kanta ake yin sa ba, sai a majalisa. Sai a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta fitar, gwamnatin tarayyar Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, alhali masu kemis na gaskiya sun shekara da shekaru suna kallon abin a ƙofar shagunansu.

Abin mamaki, mutumin da ya fi kowa nuna yadda ake ɗaukar wannan "a'a" daga kanti zuwa majalisa shi ma daga Dakota ta Kudu ya fito, kuma a shekarun da su Hustead ke fama shi ma yana bayan kanta. An haifi Hubert Humphrey a 1911 a wani ɗaki da ke saman kantin maganin mahaifinsa a garin Wallace. Ya tashi a Doland, inda mahaifin ya taɓa zama magajin gari, kuma da tattalin arziki ya rushe sai ya bar jami'a ya dawo taimakon gida, ya je Denver ya yi karatun lasisin harhaɗa magunguna cikin wata shida, ya riƙe kantinsu na garin Huron har 1937, yana sayar da maganin mutane da na dabbobi ga manoman da aljihunsu ya bushe. Daga baya ya zama magajin garin Minneapolis a 1945, ya shiga Majalisar Dattawa a 1949, ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1965 zuwa 1969, wato yana kan wannan kujera aka kafa dokar allunan da ta girgiza Wall. Amma aikinsa da ya shafi maganarmu shi ne na 1951, lokacin da shi da Carl Durham, ɗan majalisar wakilai daga Carolina ta Arewa wanda shi ma mai kantin magani ne, suka kawo gyaran dokar da ya raba magunguna gida biyu a fili: waɗanda kowa zai iya saya, da waɗanda ba a bayarwa sai da takardar likita. Mutum biyu da suka san daɗin ciniki su ne suka rubuta dokar da ta ɗaure hannun mai ciniki, domin sun san cewa in ba a ɗaure hannun kowa ba, mai amana ne kaɗai zai zauna a ɗaure.

Wanda yake son ganin abin da ke faruwa a garin shaƙatawa idan wannan birki ya tsinke, ya dubi Meziko. A farkon 2023 'yan jaridar Los Angeles Times da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Angeles suka sayi ƙwayoyi a kantunan magani na garuruwan da Amurkawa ke yawan zuwa, suka gwada su, suka tarar da yawa jabu ne: abin da aka sayar da sunan maganin kashe zafin ciwo yana ɗauke da fentanil, wanda ɗan ƙanƙaninsa ke kisa. Babu wanda ya tambaye su takardar likita. A watan Maris ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta gargaɗi matafiya, a watan Agusta kuma hukumomin Meziko suka rufe kantuna 23 a Cancun da Playa del Carmen da Tulum. Sirrin wannan ɓarna ba ɓoyayye ba ne: mai sayen baƙo ne, gobe jirginsa zai tashi, in ya mutu a wata ƙasa zai mutu, ba wanda zai zo ƙofar kanti da gawa. Mu ma mun san wannan lissafi, domin shi ne lissafin mai tallan magani a tasha da cikin motar haya, wanda ƙwayarsa ɗaya ke maganin basir da shawara da ciwon baya, kuma ya tabbata kafin ta yi aikinta mota ta kai wata jiha.

Akwai suka mai ƙarfi a kan ra'ayin nan nawa, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce taura biyu ba ta taunuwa, mutum ba zai zama mai sayarwa kuma mai sa ido a kan masu sayarwa ba, domin ranar da aka ba shi kujera zai iya amfani da ita ya rufe shagon abokin hamayyarsa da sunan kare lafiyar jama'a. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ni ma ba zan so a bar shi ya yi hukunci shi kaɗai a kan wanda za a ba izinin buɗe kanti kusa da nasa ba. A irin wannan magana ya faɗi abin da ya sani, ya koma gefe wasu su yanke. Amma a duba sauran da ke zaune a majalisar garin baƙi, wane ne a cikinsu ba shi da taura biyu a baki? Ranar da ruwan gari ya gurɓata a tsakiyar lokacin ciniki, mai otal yana da dalili dubu na cewa a yi shiru har baƙi su watse. Mai kantin magani kuwa shi ne zai fara sani, tun kafin asibiti, saboda a kan kantarsa alamar ke fara bayyana. A birnin Milwaukee na Amurka a 1993, lokacin da wata ƙwayar cuta ta shiga ruwan famfo ta kwantar da mutum fiye da 400,000, ɗaya daga cikin alamun farko da suka farkar da hukuma shi ne maganin gudawa ya ƙare ƙaf a kantuna. Bayan haka yana da wani abu a wuyansa da sauran ba su da shi, wato lasisin da za a iya ƙwacewa. Mai otal in ya yi ƙarya a kan ruwa, da wuya ya rasa fiye da cinikin shekara ɗaya, shi kuwa wannan abin da ya kwashe ƙuruciyarsa yana nema ne zai salwanta.

Bara aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwarmu a kan shaye-shayen matasa. An gayyaci liman, an gayyaci baturen 'yan sanda da kansila, an zaunar da mai gidan man da ya biya kuɗin rumfa da kujeru a sahun gaba, kowa ya tashi ya yi jawabi a kan tarbiyya da lalacewar zamani, aka kafa kwamiti mai mutum goma sha ɗaya. Dattijon nan mai kemis, wanda ya san sunan kowace ƙwaya da matasan ke nema da sunan da suke kiranta da shi a ɓoye, ya kuma san ta wace ƙofa take shigowa unguwar, ba wanda ya tuna ya aika masa. Shagonsa yana tsallaken titi, daga inda nake zaune ina hango shi ta ƙofa, ya ɗaga wata takardar likita kusa da fitila yana ƙoƙarin karanta rubutun, wata mata da goyo tana tsaye tana jiransa.